Shekarar da Wule ta bar garke

Da sunan Allah nake farawa, kamar yadda nake yi ko tsintsiya zan ɗauka. Ni ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin da zan yi sallah da shi ba, don haka wannan da kuke karantawa bakina ne, yatsun kuma na jikata Ummi ne, wadda aka sa wa sunana. Na zaunar da ita a gindin darbejiyar gidanmu a Takur, nan cikin Dutse, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini harshe. Duk inda kuka ga magana ta cika zaƙi, ita ta ƙara, ku tsallake.

Abin da ya sa na ware wa wannan shekarar wuri nata, maganar da nake ji tana yawo a dangi ce. Wasu na cewa Dada ta tsufa ta ruɗe, ta sayar da saniyar gado ta sayo talabijin. Wasu kuma, kuma tasu ta fi yi mini ciwo, cewa suke uban yarinya ne ya kasa, sai da tsohuwa ta rufa masa asiri. Ko ɗaya ba haka aka yi ba. Ina wurin, idona biyu, kuma kun san ba abin da ke wuce ni a gidan nan.

Ku da aka haifa a birni sai na fara muku daga tushe. A gidanmu, tun iyayenmu na yawo da shanu kafin su zauna a ƙasar Buji, ranar da aka raɗa wa jariri suna ake nuna karsanarsa. Ta zama tasa, ita da duk abin da za ta haifa. Bijimai ana iya sayarwa don buƙatar mai su, magani ko makaranta, amma macen ba a taɓa ta. Uba ba ya sayar da ita, miji ba ya da iko a kanta. Idan yarinya ce, ranar da za a kai ta ɗakinta ana kora shanunta a bayanta, kowa ya san ba hannu rabbana ta zo ba. Nonon farko da karsana ta bayar kuwa, babbar macen gida ake kai wa ta fara sha. Mai saniya kaɗai ke iya sakinta, shi ma sai ya je da ƙafarsa, ya kama igiyar da hannunsa ya miƙa. Ni da tawa na shiga gidan mijina Malam, Allah ya jiƙansa, uwarta kuma ta mahaifiyata ce. Dukansu jajaye ne masu farin goshi, kowacce Wule muke kiranta. Ranar sunan Ummi daga cikinsu na ba ta. Yayana Hamma Bello ke riƙe da su a ƙauye. Ciwon huhu ya ci wasu, rani ya ci wasu, har ya zama a shekarar da nake ba ku labari mace ɗaya tak ta rage a zuriyar, ta Ummi, ita ma maza take ta zubowa. Bijimin da ta haifa na farko shi ya shigar da Ummi jami'a.

Sai kuma ku san uban Ummi ɗan farina ne. Mu ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma yabonsa, ba ma tsayawa mu ƙura masa ido. Idan ina da magana da shi, matarsa Hadiza nake kallo in ce a gaya wa mai gidan nan, alhali ga shi zaune a bakin tabarma yana ji. A sakatariya yake aiki. Albashinsa kan ƙare wata bai ƙare ba, don bakin da ke ci a gidan da yawa, nawa ma yana ciki. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Wannan ba yabo ba ne, abin da na gani ne.

Ummi zanen ƙasa take karanta, wato taswira: inda gona ta tsaya, inda rafi ya bi, inda hanya ta ratsa. Da karatu ya yi nisa aka ce kowa ya nemi kwamfutarsa, irin wadda ake ɗorawa a cinya. Da ma ta wata ƙawarta take ara, sai mai ita ta gama ta ba ta. Ubanta ya yi ta tari a hankali, har wata rana bayan la'asar ya dawo fuskarsa a sake, ya zauna ya cire hula.

"Na je na gani," ya ce. "Iri biyu ne daidai mu. Akwai ta ƙasa, akwai ta tsakiya. Akwai ta sama ma, amma wannan ko kallonta ban yi ba, kada ta ɗauka da gaske nake."

Hadiza ta yi dariya. Ya ce ta ƙasan sabuwa ce fil a kwalinta, abin da ya tara ya kusa isa, ƙarshen wata sai ya cika ya ɗauko.

"To, Baba. Allah ya ƙara buɗi," in ji Ummi.

Kowa ya ji "to". Ni kaɗai na ga babban yatsan ƙafarta yana tona ƙasa. Da safe ina tsinkar zogale na kira ta.

"Ke takwara, zo nan. Wannan to ɗin na jiya, na baki ne ko na ciki?"

"Dada, ke dai ba kya rabo da sa ido."

"Da idon na reni ubanki. Zauna."

Ta zauna tana ta kewaye-kewaye, sai da na daka mata tsawa. Ta ce ta ƙasan ba ta da aibu, za ta yi rubutu, za ta yi karatu. Amma aikin taswira nauyi gare shi, 'yan ajinsu da suka sayi irinta sukan zauna suna jiranta har malami ya wuce su, ƙarshe su koma aro. Ta ce ba za ta iya faɗa wa Baba ba, ta ga yadda ya daina sayen nama ranar Juma'a saboda ita. Na ce ta ɗauko mayafinta, mu je in gani.

"Dada, me za ki gani a ciki?" Hadiza ta tambaya daga bakin murhu.

"Abin da nake gani a tukunya kafin in saya."

Muka hau adaidaita har shagon. Mai shagon dattijon arziki ne, ya ba ni kujera, ya ajiye su biyun a kan tebur. Na ɗaga kowacce na jijjiga, na ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa. Ta ƙasan ta fi faɗi, ta fi nauyi, baƙa ce tana sheƙi. Ta tsakiyar kuwa siririya, launin toka, kamar ba ta ƙoshi ba. Nan take na yanke hukunci da ƙarfi, har masu wucewa suka ji.

"Ai wannan ta fi nama. Mai tsadar ma ramammiya ce. Ke Ummi, son banza ne kawai ke damunki."

Ummi ta rufe fuska da mayafi. Mai shagon bai yi dariya ba, Allah ya saka masa, ko da yake na ga gemunsa yana motsi.

"Hajiya, ba a jiki ƙarfinsu yake ba, a ciki yake," ya ce. "Da 'yata ce mai rubutu kawai, wallahi ta ƙasan zan ba ta, ban ga dalilin ɓarnar kuɗi ba. Amma bari yarinya ta ɗora musu aikinta, ki gani da idonki."

Ta ciro wani ɗan abu daga jaka kamar ɗan yatsa, ta soka wa mai nauyin. Wani ɗan zobe ya fito a fuskarta yana ta juyawa. Muka jira. Mai shago ya sallami wani mai sayen caja ya dawo, zoben na nan yana juyi. Can sai na ji tana huci. Na sa tafin hannu a ƙarƙashinta, zafi rau kamar goshin mai zazzaɓi. Da taswirar ta buɗe, Ummi ta ja ta gefe, sai ta tsaya cak, ta yi tsalle, ta sake tsayawa. Aka soka wa siririyar. Kafin in gyara zama ta buɗe, duk inda yarinyar ta ja sai ta bi ta, shiru, ba huci. Ni ban san abin da ke cikinsu ba, har yau ban sani ba. Amma na san wannan hucin. Ina yarinya wani maƙwabcinmu ya ɗaura wa maraƙi garmar shanu don ba shi da bijimi. Maraƙin lafiyayye ne, ba shi da laifin komai, aikin ne ba nasa ba. Haka ya riƙa huci a tsakiyar kunya. Na ce da mai shago na ji, na gani, na janye maganar nama.

Muka dawo gida. Na kwana da abin, na tashi da shi. Tazarar da ke tsakanin biyun ba wadda albashi zai cike ba ce, kuma duk duniya abu ɗaya yarinyar ta mallaka. Ni ce kuwa wadda, lokacin da aka yi maganar a haɗa mini kujerar Makka, wani ya ambaci Wule, na ce duk wanda ya sake ambatarta ya bar mini ɗaki. Yanzu ga ni ni ce zan ɗauko maganar da bakina. Wata ya kusa ƙarewa, idan na yi shiru za a sayo ta ƙasan, saniya ta zauna, kowa ya yi barcinsa, yarinya ta koma layin aro da sabuwar kwamfuta a jaka.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune yana gyara rediyonsa, na dubi Hadiza.

"A gaya wa mai gidan nan ya dakata da sayen nan. Akwai Wule."

Hadiza ba ta ko buɗe baki ba ya ajiye rediyon.

"Dada, ina raye? Ina raye a sayar da saniyar sunan 'yata don karatunta? Me za a ce da ni a Buji? Abin da ƙarfina ya kai shi zan saya mata, ta yi haƙuri da shi kamar 'ya'yan kowa."

A nan na yi abin da ban tuna ranar da na yi shi ba tun yana goye. Na juyo na dube shi a fuska. Ashe furfura ta fito masa a gefen kunne, ban sani ba.

"Ba ka kasa ba," na ce. "Abin da ka tara shi za a fara ajiyewa a kan tebur, saura ya biyo baya. Saniyar kuma ba taka ba ce da za ka hana, ba tawa ba ce da zan bayar. Mai ita za a tambaya. In ta ce a'a, ka je ka ɗauko wadda ka gani, ni zan fara sa mata albarka."

Ya sunkuyar da kai, ya sake ɗaukar rediyonsa. Daga baya Hadiza ta ce saura kaɗan ludayi ya faɗi daga hannunta.

Da kaka ne, an gama yankan gero, muka shiga bas ni da Ummi zuwa Buji, daga nan aka ɗauke mu a babur zuwa ƙauye. Hamma Bello ya tarbe mu, aka kawo fura, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Da na faɗi abin da ya kawo mu, ya dogara sandarsa ya dube ni.

"Ke ce kuwa, Hauwa'u? Ko wata aka aiko da fuskarki?"

"Ni ce, Hamma."

"Saniya tana haihuwa. Wannan akwatin naku me zai haifa?"

"Ba abin da zai haifa. Tsufa zai yi ya mutu, mai shagon ma bai ɓoye mini ba."

"To?"

"To a tambayi mai ita."

Ya ce ga ɗan maraƙinta da aka yaye, a sayar da shi mana. Shi da kansa ya san bai kai ko'ina ba, faɗa kawai ya yi. Muka je inda garken yake a cikin karan gero. Wule na tsaye a gefe, ja, goshin nan fari tas kamar an shafa mata alli, sak ta mahaifiyata. Ummi 'yar birni ce, rabonta da ita tun tana sakandare, tsoronta ma take ji. Hamma ya zuba mata kanwa a tafin hannu ya ce ta miƙa. Saniyar ta matso ta lashe, ta ci gaba da lasar hannun bayan kanwar ta ƙare. Ni kuma na tsaya na lissafa mata uwayenta ɗaya bayan ɗaya, har zuwa wadda ta bi mahaifiyata ɗakinta. Ban rage mata komai ba. Na ce in ta zaɓi ta ƙasan ba mai zarginta, Wule na nan, ranar aurenta za a kora ta a bayanta kamar yadda aka yi mini. In ta zaɓi ta tsakiyar, za ta shiga ɗakinta ba saniya, kuma daga kanta jajaye masu farin goshi sun ƙare a gidanmu.

"Dada, da ke ce wacce za ki ɗauka?"

"Ni da mai nauyin zan ɗauka, ai kin gani da idonki. Kada ki tambaye ni."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta daɗe a tsaye, hannunta a wuyan saniyar. Sannan ta sunkuya ta kwance igiyar daga turke. Ba ta iya kwancewa ba ma, sai da ta karya farce, kuma ban bari kowa ya taya ta ba. Ta riƙe ta da hannu biyu ta miƙa wa Hamma.

"Kaka, don Allah a ba wanda zai kiwata. Kada a ba mahauta."

Hamma ya karɓa. Ni na zaga bayan rumbu. Abin da na yi a can ba na littafi ba ne, Ummi, wuce.

Da kansa ya kai ta kasuwar Shuwarin, da tsufansa, bai yarda ya aiki kowa ba. Mahauta sun taya da daraja, ya ƙi. Wani manomi ya bai wa a ƙasa da haka, bayan ya tambaye shi inda yake shayar da dabbobinsa da rani. Abin da aka samu da abin da uban Ummi ya tara suka haɗu suka isa, har aka sayi jaka. Uban ne ya je shagon, nasa ya fara ajiyewa kamar yadda na ce, kuma shi ya rungumo kwalin a cinyarsa a cikin adaidaita har ƙofar gida. Wanda ya ce ya kasa, ya zo ya faɗa a gabana.

Ranar na tara gidan a tsakar gida, manya da yara, na kafa doka. Na ce wannan abin da kuke gani saniyar sunan Ummi ce. Yayyenta ba za su kalli ƙwallo a ciki ba. Ubanta ba zai tafi da ita ofis ba. Mijin da za ta aura, ko wane ne, ba shi da iko a kanta. Wanda ke so ya taɓa sai ya tambayi mai ita, in ta ce a'a magana ta ƙare. Samarin suka yi ta gunaguni.

"Haba Dada, wasan ƙarshe ne fa. Ba cinye ta za mu yi ba."

"Gidan kallo yana bakin titi. In ba ku da na shiga ku leƙa ta taga."

Har yau suna cewa na fi son Ummi. Ba haka ba ne. Kowannensu an nuna masa tasa ranar suna daga shanun kakansu, kuma ban taɓa barin Ummi ta taɓa ta wani ba. Kwamfutar kuwa a ɗakina take kwana, a saman akwatina, in rufe ta da faifai saboda ƙura. Ban san wanda ya fara kiranta Wule ba, sai dai na ji gidan duka ana cewa an ɗauke wuta, Wule na da caji kuwa? Ummi, Wule ta gama aikin?

Da damina ta zagayo Hamma Bello ya zo Dutse ganin likitan ido, ya sauka a wurinmu. Ummi ta kunna kwamfutar ta buɗe masa ƙasarmu daga sama, yadda shaho ke ganinta. Ta nuna masa rijiya, ta nuna masa tsamiyar bakin ƙauye, ta bi da yatsa a kan burtalin da shanu ke bi zuwa fadama. Ya matso da ido ɗayan da ke gani, ya daɗe. Ya nuna inda burtalin ya tsuke, ya ce a da shanu biyar ke jerawa a nan, ya sa ta ja gaba, ta dawo baya, ta sake ja. Shayinsa ya huce bai sha ba. Da ya ɗago, sai ya gyara rawani ya dube ni.

"Har yanzu dai ba ta haihu ba."

"Ba ta haihu ba, Hamma."

Gaskiyarsa ce, kuma ban ce ya janye ba. Yanzu ma ta fara tsufa, batirinta ba ya riƙe wuta kamar da, harafi ɗaya sai an danna da ƙarfi. Idan na ga jar saniya a hanyar ƙauye har yau sai na leƙa goshinta. Amma yarinyar ba ta sake tsayawa a layin aro ba, ta gama karatunta tare da 'yan ajinsu, ba a bayansu ba.

Kafin ta gama ɗin ne wasu manoma 'yan gida ɗaya suka nemi a zana musu iyakar gonakinsu don kada 'ya'yansu su yi rigima, malaminta ya tura ta. Ta yi ta zirga-zirga a rana har ta yi baƙi, ta dawo ta zauna da Wule a gindin darbejiyar nan ta haɗa musu. Suka sallame ta da abin da ya sawwaƙa. Ranar da yamma ina zaune ina jan carbi, sai ga ta da ƙwarya a rufe da faifai. Ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta cika yi ba sai an yi mata magana, ta ajiye a gabana ta buɗe. Nono ne.

"Dada, na farko ne. An ce babbar macen gida ake kai wa."

Ban tuna na sake faɗa mata wannan ba tun tana ƙarama. Na ɗauki ludayi na kurɓa. Nonon kasuwa ne, an tsinka shi da ruwa, kuma na gaya mata haka, na ce gobe in za ta saya ta zo da ni. Na sha, na sake sha, har na kusa ganin gindin ƙwaryar. Sannan na rage kaɗan, na miƙa wa Hadiza.

"A ba mai gidan nan. Da nasa a ciki."

Yana bakin tabarma, ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Iyakar abin da ya faru ke nan, wanda ya ji wani abu daban ƙari aka yi masa. Ke kuma takwara, ina kallon yatsunki. Na ce mai gidan nan, ki bar shi a mai gidan nan. Kada ki kuskura ki rubuta mini sunansa.